Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Litinin, 12 ga Oktoba 1981, da hantsi

Lami ce ke rubutawa, matarka. Ni ce ke faɗa, uwarka Dinatu. Ka san ko baƙi ɗaya ban iya ba, shi ya sa na ce ta samo littafin makaranta ta zauna nan kusa da ni. Ina so in ka tashi ka karanta, ka san ban guje ka ba. Kwana biyu ke nan kana kwance a asibiti, ƙafata ba ta taka can ba. Da dalili. Zan faɗa maka, amma a hankali.

Ka dai san yadda kuke yi a kamfanin fatar nan na Sharada. In Sallah ta zo, ku Kirista ku karɓi katin aikin abokanku Musulmi ku buga a agogo, ku yi musu aikinsu, su samu su je gida. In Kirsimeti ta zo su rama muku. Helma, mai kula da ku ma'aikata, ya sani, kau da kai yake. Mutanen ofis ne ba su sani ba, su kuwa dokarsu, wanda aka kama da katin wani a kore su su biyun, kamfani ya zare hannunsa daga komai nasu. Bana abokinka Ɗahiru ya tafi Gumel ganin matarsa da take goyon ciki gidan iyayenta. Ran Asabar da safe ka sa katinsa a aljihu. A gabana ka sa. Ni na miƙo maka koko.

Wai fatun layya sun yi yawa, aka ce ku shiga ramin nan da ake jiƙa fata. Ban san abin da ke cikin ramin ba, ba na kuma son a ƙara faɗa mini. Abin da na sani, an fito da kai ba ka magana, fuska ta kumbura, aka laluba aljihu aka ga kati. Sai masinja ya hau keke, ya wuce ƙofar gidanmu, ya nufi cikin gari gidan Hajjo uwar Ɗahiru. Na ga wucewarsa. Ina tankaɗe. Har gaishe ni ya yi.

Tsaya nan, Lami. Ba ni ruwa.

Litinin ɗin dai, bayan la'asar

Hajjo ta tafi asibiti da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. Ta ce fuskar ba ta ganuwa, sai ta ɗaga zane ta dubi ƙafa. Ta ga tabon fartanyar nan da ka yi tun muna ƙauye. Ta ce nan take ta san ba nata ba ne, har zuciyarta ta yi tsalle don murna, sai kuma kunya ta rufe ta. Ga akawun kamfani a tsaye da takarda yana jira. Ga wani tulu na ƙarfe a gefen gado, wai iska ce a ciki, an sa maka roba a hanci kana sha. Kamfani ne ya kai ka asibitin nan, da sunan ma'aikacin da ke bakin aikinsa.

Ta dubi akawu, ta dubi tulu, ta ce, "Nawa ne."

Da magariba ta shigo nan, ba ta ko zauna ba. Ta ce, "Yaya, na yi ƙarya a kan ɗanki. In na ce ba nawa ba ne, ban san abin da za su yi da tulun nan ba."

Katin mai jinya ɗaya suke bayarwa, sunanta ne a kai. A jikin allon gadonka kuma an rubuta Ɗahiru. Shi ya sa ban zo ba. Ka ji dalilin.

Laraba, 14 ga wata, da rana

Yau Malam Sani ne ke rubutawa, maƙwabcinmu mai rubuta wa mutane wasiƙa, don Lami ta tafi kai abinci ƙofar asibiti. Ya ce littafi ba ya tafiya babu sunan mai shi, in faɗi sunanka ya sa a sama. Na ce Malam, ɗan fari ne fa. Ya ce yo Inna, ku ma da kuka bi Almasihu kuna wannan kunyar? Na ce baftisma ta wanke mini zunubi, ba ta wanke mini kunya ba. Shekara talatin da huɗu ban taɓa kiran sunan nan ba. Yaron nan nake cewa, ko wancan, ko mijin Lami. Ita ma Lami maigida take cewa. Mu biyu ga mu a gida ɗaya, ba mai iya faɗa. Ya yi ta dariya har alƙalami ya faɗi. Rabona da jin dariya tun Asabar.

(Ni Sani na ƙara da hannuna: sunan yaron Bala.)

Alhamis, 15, da safe

Mun yi dabara da Hajjo. Akwai bishiyar dogon yaro a bayan katangar asibiti, in mutum ya tsaya ƙarƙashinta yana hango taga ta uku a bene. Hajjo ta ce muddin kana numfashi za ta ɗaura kallabinta ruwan ɗorawa a ƙarfen tagar. Na je da ƙafa, Lami tana riƙe da ni. Na tsaya. Idona ba ya gani sosai yanzu, amma ruwan ɗorawa kam na gan shi.

Ban yi kuka ba. Na dai tsaya ina ta mamaki. Iska fa, wadda take kaɗa ganyen nan kyauta a kaina, wai an kama ta an zuba a ƙarfe, ana ba ɗana da roba. Na ce ya Ubangiji, kai da ka hura wa mutum na farko, ashe har cikin tulu kana nan.

Juma'a, 16, da hantsi

Kallabin yana taga.

Asabar, 17, bayan azahar

Ɗahiru ya dawo. A tasha wani ya tare shi ya ce kai, ai kana asibiti rai a hannun Allah, kar ka yarda a gan ka. Ya rufe kansa da hula da rawani cikin zafin nan ya biyo ta bayan gari. Gidan uwarsa cike yake da masu zuwa jaje, sai ya faɗo nan. Wa zai nemi Ɗahiru a ɗakin tsohuwa Kirista?

Ya durƙusa a bakin ƙofa ya kasa ɗaga kai. Ya ce yanzu zai tafi ofis ya faɗi gaskiya. Na ce zauna. Ya ce Inna, ramin nan nawa ne, ni ya kamata in shiga. Na ce ban tambaye ka ba, zauna ka ci tuwo.

Yana nan bayan buhunan dawa. Ƙato ne ka sani, ƙafafunsa ba sa ɓoyuwa. Da mai kalanzir ya yi sallama, ya ja tabarma ya rufa, Lami ta kusa shaƙewa don dariya. Lokacin salla ya tambaye ni ina gabas take daga cikin ɗakin nan. Na nuna masa. Na ba shi butar ubanka.

Lahadi, 18, bayan an tashi daga sujada

Malam Sani ne ke rubutawa.

A majami'a mai bishara ya ce duk mai marar lafiya ya faɗi sunansa a yi addu'a. Mata suka yi ta faɗa. Ni na sunkuyar da kai. Ko da ba kunya ma, me zan ce? An san mijin Lami yana zuwa aiki kullum.

E, haka ne, ban faɗa maka ba. Katinka yana zuwa aiki. Abokanka ne suka raba kwanaki, yau wannan ya buga ya tsaya maka, gobe wancan, bayan sun gama nasu. Helma ya ce shi dai bai ga komai ba, ido ya fara ba shi wahala. To ka duba: katinka yana kamfani, kai kana asibiti. Sunan Ɗahiru yana asibiti, shi yana bayan buhuna. In na kwanta ina lissafa wannan sai kaina ya juya.

Da yamma mai bishara ya zo gida, na faɗa masa duka. Ya ce ba zai iya ce mini ƙarya daidai ce ba, ba kuma zai iya ce mini in je in sa a cire tulu ba. Sai ya cire hula ya yi addu'a, gajeruwa ƙwarai. Ya ce, "Ya Yesu, kai ka san wanda ke kan gadon nan. Ba allo kake karantawa ba." Shi ke nan. Ɗahiru daga bayan buhu ya ce amin.

Na riƙe maganar nan. Ba allo kake karantawa ba.

Talata, 20

Kallabin yana taga.

Laraba, 21, da yamma

Yana taga. Ƙafafuna sun kumbura. Ɗahiru ya gyara mini ƙyauren da ka ce za ka gyara tun damina.

Juma'a, 23, da hantsi

Lami, rubuta, kar ki tsaya kallona.

Akwai abin da nake kewayewa tun ranar farko. In abin da ba na faɗa ya faru, ba mu za a kira ba. Mutanen sunan da ke allo za a ba. Su kuwa ba sa jinkiri, kafin la'asar an gama. Ba waƙa, ba mai bishara, ba kusa da ubanka ba. Ni kuma ina ƙarƙashin bishiya ina jiran kallabi.

Ba ina cewa ƙasarsu ba ƙasar Allah ba ce. Duk tasa ce. Amma ni na kai ka rafi aka yi maka baftisma, ina tsaye da zane a hannu, kana fitowa kana rawar sanyi kana dariya. Ina tsoro. Na faɗa. Mai bishara ya ce in danƙa komai, na danƙa da safe, kafin azahar na tarar na sake karɓewa.

Asabar, 24, bayan la'asar

Hajjo ta fito wanka da canza kaya, ta biyo nan. Ta rame. Wai a kan tabarma take kwana ƙarƙashin gadonka, tana goge maka baki, tana juya ka. Ta ce tana yi maka addu'a irin tata, in ba na so ta daina. Na ce ina na isa in hana ruwa zuba a gonata.

Ban san yadda aka yi maganar jiya ta fito daga bakina ba. Ta ajiye kwanon da ke hannunta. Ta ce, "Yaya, in rai ya yi halinsa, ni da kaina zan tsaya a ƙofa in ce na yi ƙarya. Ba mai taɓa shi sai ke. A kori wanda za a kora."

Sai ta ce wai kin san labarin uwar Annabi Musa? Na ce yo ai namu ne. Ta ce namu ne dai. Muka ɗan yi musu, sai muka bari. Ta ce uwar Musa ma ta sa nata a ruwa, wata mace ta ɗauka ta ce nata ne, aka tsaya daga nesa ana leƙe. Ni shekara nawa ina jin labarin nan a majami'a, ban taɓa tunanin matar da ta ɗauka ba. Ban taɓa tunanin ita ma ta yi rashin barci ba. Bayan ta tafi na daɗe zaune. Abin da aka yi tun zamanin da, ga shi ana yi mini a Sharada, kusa da kwatar da ke warin fata.

Litinin, 26

Yana taga.

Talata, 27, ban san ko ƙarfe nawa ba

Babu kallabi.

Talatar dai, bayan magariba. Malam Sani ne ke rubutawa, Lami ta kasa.

Na tsaya tun hantsi har rana ta take. Taga ta uku wayam. Na ƙirga tagogin daga dama, na ƙirga daga hagu. Ban yi addu'a ba, ka rubuta haka Malam, kar ka gyara mini. Abin da kawai ke yawo a kaina, ba allo kake karantawa ba, ba allo kake karantawa ba.

Sai ga Hajjo ta fito kai ba ɗauri. Zazzaɓi ne ya rufe ka, ta kwance kallabin ta jiƙa tana ɗora maka a goshi, ta manta da ni sarai. Ta kama hannuna ta ja ni har bene. Nas ta tare mu. Hajjo ta ce, "Wannan ce ta shayar da shi." Ba ƙarya a ciki. Nas ta dubi fuskata, ta daɗe tana duba, ta ce minti biyar.

Na gan ka. Ba zan faɗi yadda kake ba.

Nas ta ce likita ya ce a riƙa kiran sunansa, masu irin wannan barcin suna ji, wani lokaci shi ke jawo su. Ta ce uwarsa ta yi ta kira kwana da kwanaki bai motsa ba, ni in gwada. Hajjo ta sunkuyar da kai. Ɗahiru take kira, to wa zai amsa?

Na buɗe baki. Ga nas a tsaye, ga tulu yana huci, ga shekara talatin da huɗu a maƙogwarona. Na ce, "Yaron nan." Shi ke nan abin da na iya. Minti biyar ya cika.

Laraba, 28, da safe

Ban je bishiya ba. Lami ta je. Yana taga.

Laraba, da yamma

Likita ya ce wa Hajjo in bai farka cikin kwanakin nan ba, ta sanar da dangi.

Ɗahiru ya fito daga bayan buhuna ya zauna a gabana, ya ce Inna, ki kira shi. Na ce in na kira, an gane. Ya ce a gane. Na ce aikinka fa, ga matarka ta kusa haihuwa. Ya ce, "Inna, ni kwana goma sha ɗaya ina cin tuwonki ina jin kina kuka ta cikin zane. Ki kira shi." Na ce tulun fa? Ba wanda ya san abin da za su yi da tulun.

To ga inda na tsaya. In na yi shiru, da iska amma ba mai kiransa. In na kira, ban san ko za a bar masa iskar ba. Duk kwanakin nan ina cewa Allah na dogara, ashe rabin nauyina a kan ƙarfen nan yake. Ban raina tulu ba, Allah ne ya ba su hikimar yin sa. Amma ba tulu ne ya san sunan ɗana ba.

Alhamis, 29, bayan azahar. Malam Sani.

Rubuta a hankali, Malam.

Nas ɗin nan ce dai. Ta bar ni na shiga ba ta ce minti nawa ba. Na durƙusa. Na ce a zuciyata, Yesu, ga ni, ban iya ba, kai ka buɗe. Na kai bakina kunnenka, sai na ga raɗa ba za ta yi ba, inda kake da nisa. Na miƙe. Na kira da ƙarfi, kamar yadda ake kiran mutum daga wancan gefen gona.

Na ce, "Bala."

Ka rubuta, Malam. Yau ni na faɗa.

Sunan ya fito baƙo a bakina, kamar ba ni ba. Na sake. Na uku ban gama ba yatsunka suka motsa a kan zane. Idonka na dama ya buɗe kaɗan, ya yi yawo, ya zo kaina ya tsaya. Hajjo ta faɗi zaune tana salati. Ni kuwa tsoro ne ya kama ni, ba irin na kwanakin nan ba, wani daban, kamar an ɗaga labule na ga abin da bai kamata in gani da takalmi a ƙafa ba. Na cire takalman.

Nas ta dubi allo, ta dube ni. Ta ce, "Mama, tun shekaranjiya na ga zanen kumatunki irin nasa ne." Ta tafi kiran likita.

Juma'a, 30, da la'asar

Ɗahiru bai jira a zo nemansa ba. Ya yi wanka, ya sa rigar Sallarsa, ya bi tsakiyar titi har ofis, mutane suna ja da baya suna a'uzubillahi. Wata mai ƙosai ta bar kaskonta ta gudu. Ya faɗi komai, ya ce shi da kai ne kawai, bai ambaci helma ko sauran ba.

Akawu ya zo asibiti da sabuwar takarda. Ban ji abin da suka yi da likita ba, da Turanci ne, muryar likita ce dai ta fi tashi. Da akawu ya fita na dubi tulu. Yana nan.

An goge allo an sake rubutu. Na ce Lami ta nuna mini da yatsa wanne ne sunan. Ashe ɗan guntu ne haka.

Litinin, 2 ga Nuwamba

An cire robar da safe. Kana shan iskar kowa da kowa.

Lahadi, 15 ga Nuwamba, da hantsi

Yau kai ne ke rubutawa, a kan tabarmar ƙofar ɗaki, don haka ban san ma wa nake faɗa wa ba.

An kore ku ku biyun, ka sani. Muryarka ba ta dawo daidai ba, likita ya ce wataƙila haka za ta zauna. Ban san abin da za mu ci bayan dawar nan ba. Matar Ɗahiru ta sauka, namiji, ya tafi Gumel suna ba tare da ya nemi wanda zai riƙe masa kati ba. Ina tsoro har yanzu, kar ka ce na daina. Da safe in danƙa, da rana in karɓe, da yamma in sake danƙawa. Ga alama Ubangiji bai gaji da ni ba.

Hajjo ta aiko da kallabin, wai na ajiye. Yana cikin kwalla tare da zanen baftismarka.

Ka karanta littafin duka jiya, ka ce wai tunda bakina ya buɗe sai in ci gaba da kira. A'a, yaron nan. Kunyata ta dawo wurinta. Na kira ranar da aka ce in kira, wanda ya ba ni bakin kuma ya san inda zai same ni in ana bukata.

Saura abu ɗaya. Malam Sani ya ce littafi ba ya tafiya babu sunan mai shi. Ka sa a ƙasa da hannunka. Sa dai, ba sauri muke ba.

Bala.